Fis Ɗin Mota Ba Ya Ƙonewa A Banza

Mun lura da wata al'ada da ta yaɗu tsakanin ma'aikata da malaman makaranta. Da zarar mutum ya sami mota, sai ya shiga yi mata ƙari: manyan fitilu, da rediyo mai amo, da ƙaho mai razana shanu. Ba a jimawa sai fis ya fara ƙonewa, a sa sabo, ya sāke ƙonewa. Daga nan sai wani ya ba da shawara a sa babba, ko a ɗaura zaren waya a gurbinsa. Wannan shawara ita ce mu ke so mu ja kunnen masu karatu a kanta, gama da ita a kan yi hasarar mota ɗungum.

Shi fis ɗan siririn ƙarfe ne wanda aka yi shi musamman domin ya narke in wuta ta fi ƙarfin wayar da ta ke bi. Watau mai gadin waya ne. In aka sa wanda ya fi ƙarfinta, wayar ce za ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi.

Lissafin abin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. A raba wat ɗin fitila da 12, abin da ya fita shi ne amfiyar da ta ke ja. Fitilu biyu masu wat 100 kowace, wat 200 ke nan, kusan amfiya 17. To, in an jona su a kan wayar ƙananan fitilu wadda fis ɗinta amfiya 10 ne, ina laifinsa in ya narke? Launin fis mai ƙafa biyu ya kan nuna ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Lokacin da fis ke ƙonewa shi ke nuna cutar. In sai an kunna kayan ƙari sun ɗan yi aiki, to, kaya ne suka yi yawa. In kuwa nan take ya ke ƙonewa, waya ce ta saluɓe ta taɓa jikin mota, domin jikin mota shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. In sai an hau hanya mai gargada, waya ce ke gogar ƙarfe tana taɓawa tana saki.

Ga yadda za a bi. Da fari a cire kayan ƙari duka, a sa fis daidai da wanda littafin motar ya ce, sa'an nan a riƙa mai da su ɗaya ɗaya har mai laifi ya bayyana. In an cire su amma abin bai daina ba, a jona ƙwan fitila mai wat 21 a gurbin fis, a kunna. Muddin waya na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai. Sai a bi wayoyin ana motsa su, ana zare mahaɗinsu; inda hasken ya dushe, nan ɓarnar ta ke. A fi dubawa inda waya ta ratsa hujin ƙarfe, da bakin ƙofa, da inda aka nannaɗe da salatif.

Magani mai ɗorewa shi ne a ja wa kayan ƙari wayarsu mai kauri tun daga batir, da nata fis kusa da batirin, da rile wanda zai ɗauke wa makunni nauyi, a kuma sa zoben roba a kowane huji. Kafin a taɓa waya, lalle a kwance kan batir mai alamar ɗebewa tukuna.

Wanda zai kai motarsa wurin mai rewaya, ya tambaye shi abin da ya ƙone fis ɗin kafin ya biya kuɗin sabo. In ya ce a sa babba kawai, a nemi wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.