Opera a Dandali: Waƙar Fada Ta Fito Waje

A wannan makon allonmu ya leƙa birnin Berlin na ƙasar Jamus, inda ake kallon opera kyauta a sarari.

Da farko, mene ne opera? Wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa maimakon magana, makaɗa da yawa suna raka mawaƙan da goge, sarewa, ƙaho da ganga. An fara shi a Italiya wajen shekarar 1600, kuma kamar makaɗan fada a wajenmu, sarakuna da manyan baƙinsu ake yi wa. Sai a 1637 aka buɗe gidan opera na farko a birnin Venice wanda kowa zai shiga in ya biya. To amma har yau kuɗin kujera mai kyau ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Shi ya sa tun 2007 gidan opera na Staatsoper, wanda aka buɗe a 1742, yake shirya bikin da ya kira "opera don kowa", da tallafin kamfanin motoci na BMW. A lokacin zafi ake yi, a dandalin Bebelplatz da ke gefen gidan. Ana haska wasan da ake yi a ciki kai tsaye a kan wani ƙaton allo, sannan makaɗan gidan su fito su yi kiɗa a fili. Ba tikiti, ba kayan ado. Dubban mutane ne ke zuwa, wasu da kujerun naɗewa, wasu da abin shimfiɗa da ɗan guzuri.

Akwai bambanci tsakanin ciki da waje. A cikin zaure mawaƙin opera ba ya riƙe makirufo. Horon numfashi na shekaru ne ke kai muryarsa har kujerar ƙarshe. A dandali kuwa dole sai da lasifika, ga iska, wani lokacin ga ruwan sama. Amma allon yana nuna fuskar mawaƙi kusa-kusa, abin da mai kujerar baya a ciki ba ya samu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tarihin wurin. A wannan dandalin ne, ranar 10 ga Mayu 1933, ɗalibai magoya bayan 'yan Nazi suka ƙona littattafai kusan 20,000. Yau akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da ake hangowa ta gilashi, da kantocin littattafai babu ko ɗaya a kai, don kada a manta. Ɗalibai irinmu ne suka kunna wutar. Yanzu kuma a nan ne ɗan makaranta da babu ko sisi a aljihunsa yake zama kusa da attajiri su saurari waƙa ɗaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.