Ƙashin Tsofaffi da Hatsarin Faɗuwa



A kowane gari an san labarin wata tsohuwa da ta zame a gindin randa, ko tsohon da ya yi tuntuɓe da turken akuya da dare. An ɗauke su an kwantar, ba su sake tashi ba. Jama'a suka ce tsufa ne. To, amma ka duba: yaro yana faɗowa daga bisa jaki ya karkaɗe riga ya yi gaba. Ita kuwa tsohuwa daga tsaye ta faɗi, ƙugunta ya karye. Me ya kawo haka?

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, kamar yadda kake sake yaɓen rumbu bayan damina. Daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, gini ya fi rushewa yawa. Daga nan sai abin ya juya sannu-sannu. Ga waɗansu mutane rushewar tana yin yawa, cikin ƙashin ya zama ramuka-ramuka. Ka san azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ranar da ka dafa ta sai ta ɓurme. Wannan ciwo shi likitoci ke kira ostiyoporoz, mu ce zaizayar ƙashi. Ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi. Sau da yawa karaya ce take fara nuna shi.

Mata ya fi kamawa. In mace ta daina ganin al'ada, wajen shekara 50, wani sinadari da ke kare ƙashinta yana raguwa, ƙashin ya dinga zaizayewa da sauri. Lissafin da aka yi a duniya ya nuna mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 na waɗanda suka wuce shekara 50 za su sami irin wannan karaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce wajen mutum 1 cikin 3 na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa kowace shekara.

Akwai alamun da za ka gani da idonka. Inna ta rage tsawo, ɗiyar da dā suke kai ɗaya yanzu ta fi ta. Bayanta ya tanƙware. Ta sunkuya ɗaukar tulu sai ciwon baya mai tsanani ya kama ta farat ɗaya. Wannan kan zama ƙashin baya ne ya lotsa. Babbar alama kuwa ita ce karayar wuyan hannu: ta zame, ta tokare ƙasa da tafi, hannu ya karye. An kai ta wurin maɗori, hannu ya warke, kowa ya manta. Nan ne kuskuren yake. Wanda ya karye sau ɗaya daga ƙaramar faɗuwa, ya fi kowa kusa da karaya ta biyu, kuma ta biyun tana iya zama ta ƙugu. Saboda haka ko hannu ya ɗoru, kai ta gidan likita a duba ta. Akwai maganin da ke rage zaizayar, kamar alendronat, ƙwaya ɗaya a mako. Ana shanta da safe kafin a ci komai, da ruwa cike da kofi, kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa. Likita ne kaɗai zai ce wa ya kamata ya sha.

Abin da ke gina ƙashi sunansa kalsiyam, kuma ba sai an je birni ake samunsa ba. Yana cikin nono da kindirmo da cuku. Yana cikin ganyen kuka, zogala, riɗi, wake, da ƙananan kifi busassu da ake daka su da ƙayarsu. Rubu'in lita na madara yana ba da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsoho ke bukata a yini. Abin takaici, a gidaje da yawa nono mai kyau kasuwa yake tafiya, tsohuwa kuma a dama mata fura da ruwa tsululu. Ke uwargida, in kina dama furar gida, ki ware ta surukarki da nono sosai. Ki kuma kula da ƴan matanki, don ƙashin da yarinya ta tara kafin aure da shi za ta tsufa. Hasken rana ma yana taimakon jiki ya ɗauki kalsiyam. Manomi bai rasa rana ba, amma tsohon da ke wuni cikin ɗaki ya rasa. Ku fito da shi ya sha hantsi.

Ga wani abin da ke cin ƙashi a ɓoye: ƙwayoyin da masu tallan magani ke yawo da su ranar kasuwa. Akwai wadda ake kira dekizametazon. Tsofaffi suna shanta don ciwon gaɓoɓi, ƴan mata suna shanta don su yi ƙiba. Tana kwantar da ciwo, gaskiya ne, fuska ma ta cika. Amma wanda ya yi watanni yana sha, ƙashinsa na narkewa. In akwai mai shanta a gidanku tun da daɗewa, kada ya bari rana ɗaya, yin haka na da hatsari. Ya je likita a rage masa sannu-sannu. Tramol da maganin barci su kuma jiri suke sawa. Taba ma tana raunana ƙashi.

Yanzu tashi ka zaga gidanka da idon tsoho. Daga shimfiɗarsa zuwa makewayi, me ke kan hanya? Turke, igiyar tumaki, turmi kwance, galma da hauya da aka yasar da yamma, gefen tabarma da ya naɗe, dokin ƙofa mai tsawo. Da rana kowa na tsallake su. Da asuba, in tsoho ya fito alwala cikin duhu, su ne tarko. Kawar da su. Zuba tsakuwa ko yashi inda ruwan wanka ke kwanciya. Kafa icce mai ƙarfi a makewayi wanda zai dafa in zai miƙe. Ajiye masa fitilar hannu kusa da kai, ka riƙa duba baturinta. Silifa da ta suɗe ta fi tafiya ba takalmi hatsari a kan taɓo. Shiga rumbu da hawan tsani aikin samari ne. In ya farka, ya zauna bakin gado tukuna kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini. Wanda idonsa ya yi yana, a kai shi, aikin yanar ido ƙaramin aiki ne yau.

Amma kada ka hana shi motsi da sunan tausayi. Tsohon da aka ce ya zauna kawai, ƙafafunsa mutuwa suke yi. Ya je masallaci, ya je fada, da sandarsa. Inna ta yi sharar tsakar gida, ta yi sussukar da take iyawa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya. Tun shekarun 1960 garuruwan jihar Maraɗi suka fara zaɓen mutanensu a horar da su taimakon farko, tare da ungozomomi. Yau akwai ma'aikatan lafiya na gari da ake kira rele, akwai ƙananan gidajen likita, akwai CSI da kwamitinta. Yawancin ƙarfinsu yana kan yara da masu ciki, kuma haka ya dace. Sai dai ba abin da ya hana ku roƙi mai gari da kwamiti su sa rana a duba tsofaffi. Gwajin ba ya cin kuɗi. Tsoho ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin hatsarin faɗuwa. A tambaye shi ko ya faɗi a bana, a auna jininsa, a ga magungunan da ke cikin aljihunsa. Kai da ka fita ajin yaƙi da jahilci, kai ne za ka rubuta sunayen a littafi.

In kuma an riga an faɗi fa? Duba ƙafar. In ya kasa tsayuwa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tafinta ya juya waje, to ƙugu ne. Kada a ja ta, kada a murza, kada a tsayar da shi. Ƙashin nan yana can ciki ƙarƙashin nama, karan maɗori ba ya kai gare shi. A sa tsumma tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare, a ɗora shi bisa ƙyaure, a shimfiɗa katifa cikin amalanke. Daga CSI za a tura shi babban asibiti, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda ake aikin ƙashi. An fi son a yi aikin cikin kwana 1 ko 2, domin doguwar kwanciya ke kawo gyambon baya da ciwon huhu. Wajen 1 cikin 5 na tsofaffin da ƙugunsu ya karye ba sa cika shekara.

Kuɗin mota ke sa mutane jinkiri. Ƙungiyoyin asusun mata, irin Mata Masu Dubara da suka faro a Maraɗi a 1991, sun saba ware ɗan abin taimakon gaggawa. Ku kai maganar zaman asusu na wannan mako, maza kuma su tattauna ta a fada, a san tun yanzu amalanken wa za a ɗauka da wanda zai riƙe kuɗin. In ka gama karatu, karanta wa makwabcinka da bai iya ba.