Bafarawa da Ƙasar Gobir ta Gabas: Tarihi, Ƙasa da Sana'ar Nono

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayani a kan garin Bafarawa da maƙwabtansa, a kuma nuna yadda arzikin yankin ya ginu a kan cuɗanyar manomi da makiyayi. Bafarawa gari ne a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, ba nisa da Shinkafi. Sunansa ya bazu a Nijeriya ta dalilin Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007.

Tarihi

Wannan shiyya ita ce cibiyar Gobir kafin jihadi. A bakin gulbin Rima Alƙalawa take, babban birnin da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga bisani Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa, ya kafa Sabon Birni. Ita kuwa Isa ta zauna a hannun gidan sarautar Sakkwato, hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Ke nan tun ƙarni na 19 Gobirawa da Fulani suke zaune kafaɗa da kafaɗa a nan, wani lokaci da takobi, mafi yawan lokaci da ciniki.

Yanayin Ƙasa

A wannan yanki ne kogunan Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama gulbin Rima, sa'an nan gulbin Maraɗi ya shigo musu ta wajen Sabon Birni. Saboda haka ƙasar ta kasu kashi biyu. Akwai tudu mai jigawa, inda ake noman gero da dawa da wake. Akwai kuma fadama, inda ake shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Damina gajeruwa ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Da ruwa ya sauka makiyaya sukan bi burtali su nisanci gonaki, wasu har cikin Jamhuriyar Nijar. Da kaka ta yi sai su gangaro fadama neman ruwa da ɗanyar ciyawa.

Sana'ar Nono

Shanun da aka fi sani a nan su ne Bokolo, farare masu gajerun ƙaho, waɗanda aka yaba da yawan nono, da kuma Rahaji, jajaye masu dogayen ƙaho da jimirin tafiya. A al'adar Fulani garke yana hannun maigida, amma nono na matan gida ne. Idan an yi tatsa, akan zuba madara a ƙwarya ta kwana ta zama kindirmo. In an kaɗa aka fid da man shanu, abin da ya rage shi ne tsala. Da hantsi mata sukan ɗauko ƙoransu daga ruga su nufi gari ko kasuwa, su sayar, su sayi hatsi da gishiri da sabulu.

Shi ma manomi yana da tasa riba. Bayan girbi yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Manomi mai 'yan shanu yakan ba Bafillace amanar kiwonsu. Fura kanta, wadda Gobirawa suke kira hura, shaida ce ta wannan zama: geron na manomi ne, nonon na makiyayi, kuma ɗaya ba ya daɗi sai da ɗaya.

Tangarɗar da Aka Samu

Fari na shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun rage garkuna. Yawan jama'a da noman rani suka ci burtali da mashaya, rigimar ɓarna ta yawaita. Daga baya satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai suka yi gudun hijira zuwa yankin Maraɗi. A Satumba 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni. Manomi ya rasa shanun huɗa da taki, makiyayi na kirki ya rasa garke da kasuwa, mai tallar nono ta rasa hanyar shiga gari.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a gane cewa jarin wannan yanki ba shanu kaɗai ba ne, ba kuma fadama kaɗai ba. Amanar da ke tsakanin mai gona da mai garke ita ce jarin. Duk wani shirin farfaɗo da sana'ar nono a Bafarawa da kewaye tilas ya fara da tsaron hanyoyi, da maido da burtali da mashaya, da sasanta mutanen da kakanninsu suka sha fura a ƙwarya ɗaya.