Dolibarr: manhajar kyauta mai riƙe lissafin kuɗin ƙungiya

Jama'a, sau nawa muka ga rigima ta tashi a ƙungiya don littafin kuɗin wata-wata ya ɓace, ko ruwa ya jiƙa shi? Akwai manhajar kwamfuta mai wannan aiki, sunanta Dolibarr. A Faransa aka fara ta a 2002, kuma buɗaɗɗiya ce: kowa na iya ɗaukar ta kyauta, ya ga yadda aka gina ta, har ya gyara.

Tana rubuta sunan kowane mamba, nawa ya biya, ranar da wa'adinsa zai cika, da waɗanda ake bi bashi.

Sau 2 a shekara ake fitar da sabon samfurinta, kuma nan ne ake tuntuɓe. Kafin mu sabunta, mu kwafe bayanan duka a kan kile USB. In mun ƙara wani sashe daga waje, mu tabbatar yana tafiya da sabon samfurin.

A lura kuma: Odoo ta Beljiyam tana da nau'in kyauta, amma sashenta na abonma sai an biya. Mu bincika kafin mu zaɓa.