Leda, Laima da Keke: Yadda Manyan Kamfanonin Duniya Ke Cin Kasuwar Zango

Laraba ce ranar kasuwar Nima da ke Akra, kuma wanda ya kutsa cikinta a wannan rana zai ga kaya iri biyu a kan teburi ɗaya. Gefe guda daddawa ce da citta da kanumfari da kuka, waɗanda motoci ke saukewa daga arewa. Ɗaya gefen kuwa dunƙulen Maggi ne da Onga cike da roba, sama da su an rataya ledojin Cowbell da Milo da Omo suna reto. Mai teburin ta san wanda ya kawo mata kukar, wataƙila har garinsu ta sani. Amma girman ledar madarar nan da launinta da kuɗin da za a sayar da ita, duk an yanke su ne a ofisoshin kamfanonin da iyayen gidansu ke zaune a Vevey ta Suwizalan, ko Landan, ko wani birnin da ba ta taɓa takawa ba.

Wannan hulɗa ta girmi 'yancin kan Gana. A 1929 aka haɗe Niger Company da African and Eastern Trade Corporation aka sami UAC, hannun daman Unilever a Afirka ta Yamma. Turawan kamfanin ba sa iya bin ƙauyuka suna awon gyaɗa da koko, sai suka jingina da 'yan kasuwar ƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a Akra yana loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, da ya koma Kano ya zama babban mai saya wa kamfanin gyaɗa. Wasu sun yi arziki da tsarin, amma farashi na hannun Turawa. A Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne, wani basarake daga Osu, ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsadar kaya. Ranar 28 ga Fabrairu 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku da ke kan hanyar kai kuka gidan gwamna, gari ya kama da wuta, aka wawushe kantunan. Bayan shekara tara Gana ta sami 'yanci. UAC kuwa tana nan daram, har 1992 da aka haɗa ta da Lever Brothers aka sami Unilever Ghana, mai masana'anta a Tema.

Dabara ce ta sauya. Kingsway, babban kantin UAC, a zamaninsa na masu albashi ne. Mazaunin Nima ko Mamobi kuwa tela ne, ko direba, ko maigadi, ko mai sayar da koko da ƙosai. Kuɗinsa kullum yake shigowa, kullum yake fita. Ba shi da halin sayen gwangwanin madarar wata guda. Robert Rose, wanda ya kafa Promasidor a 1979 a Zayar, Kwango ta yanzu, yana cikin waɗanda suka gane haka da wuri. Ya cire maiƙon nono daga garin madara ya sa man tsirrai don ta jure zafi, sannan ya zuba ta a 'yar ledar da ba ta wuce shayi kofi ɗaya ba. Cowbell ta shiga Nijeriya a 1993, daga baya ta iso Gana, sauran kamfanoni suka bi sahu da omo da man goge baki da tumatir. A 2016 Ajinomoto na Japan ya biya fiye da dala miliyan 500 don mallakar kashi ɗaya bisa uku na Promasidor.

Ledar ta kawo sauƙi na gaske, domin yaron da a da ba ya ganin madara sai da salla yanzu yana samunta a kokonsa. Sai dai idan aka bi awo, mai sayen leda-leda galibi ya fi mai sayen babban gwangwani kashe kuɗi a kan kowane cokali, ga shi kuma shi ne marar ƙarfin.

Maggi ta fi kowa nisa a wannan hanya. Sunan wani ɗan Suwizalan ne, Julius Maggi, kuma Nestlé ta mallaki kamfanin tun 1947. Nestlé da kanta ta ce tana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 kowace rana a yammaci da tsakiyar Afirka, yankin da take gudanarwa daga Akra. Ba a kai ga wannan adadi da ɗanɗanon Turai ba. Dunƙulen da ake yi a Nijeriya ana haɗa shi da waken soya da aka ruɓar, abin da ke kusantar da shi ga daddawar da harshe ya saba da ita. Kamfanin ya ƙara masa sinadaran ƙarfe da aidin, ya ɗauki nauyin shirye-shiryen girki a rediyo da talabijin, ya raba wa matan kasuwa laima da rigunan aiki masu launin ja da rawaya. Abin da talla ba ta faɗa da ƙarfi shi ne gishiri ne ya fi yawa a cikin dunƙulen, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Hawan jini kuwa ba baƙon ciwo ba ne a asibitocin Akra.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne rarraba kaya. Bayan sallar isha'i, a bakin babban titin Nima, mai shayi zai kunna murhu, ya jera kwalayen Indomie a bayansa, ƙwai a gabansa, Lipton da gwangwanin Ideal a gefe. Yana yanka albasa da attarugu, yana zuba taliya a kasko, samari na zaune a benci suna gardamar ƙwallo. Da kuɗinsa ya sari kayan nan, shi ke biyan kuɗin wuri, in ruwan sama ya kori masu saye asararsa ce shi kaɗai. Amma kowane dare yana yi wa kamfanoni huɗu ciniki: Indofood na Indunusiya da abokin haɗin gwiwarsa Tolaram na Singafo, da masu Lipton, da Nestlé. Darajar irin wannan hanya ta fito fili a 2015, lokacin da Kellogg na Amurka ya biya dala miliyan 450 ya sayi rabin Multipro, kamfanin Tolaram mai rarraba Indomie a Nijeriya da Gana. Motoci da ɗakunan ajiya da sanin dubban ƙananan shaguna Kellogg ya saya da wannan kuɗi, don hatsinsa na karin kumallo ya bi sawun taliyar.

Haka labarin Fan Milk yake. Wani ɗan Denmak, Erik Emborg, ya kafa shi a Gana a 1960, kuma ƙarfinsa na kan matasan da ke tura keke da akwatin sanyi cikin rana suna matsa oda a lunguna. Danone na Faransa ya shiga a 2013, ya ƙarasa saye a 2019. Masu keken dai daga wakilai suke karɓar kaya, abin da suka sayar shi ne abin da suka samu.

Waɗanda suka zo da babban kanti suka zauna jiran mai saye ba su ji da daɗi ba. Game na Afirka ta Kudu ya rufe kantunansa na Gana a 2022. Shoprite, wanda ya bar Nijeriya a 2021, ya sanar a 2025 cewa zai sayar da na Gana ma.

MTN ya ɗauki darasin ya kai shi fagen kuɗi. Ya shigo Gana a 2006 bayan sayen kamfanin da ke da Areeba, ya buɗe MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya, a 2009, kuma yau da wuya a yi taku ɗari a Mamobi ba a ga rawayar laima ko 'yar rumfar wakilinsa ba. A unguwar da mutane da yawa ba su taɓa buɗe asusun banki ba, kuma gidaje da yawa na da ɗa a Jamus ko Amurka ko Saudiyya, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Girman MTN ya kai har hukumar sadarwa ta ƙasar ta ayyana shi a 2020 a matsayin wanda ya mamaye kasuwa. Wayar da ke hannun mai cinikin kuwa sau da yawa Tecno ce ko Itel, na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, wanda ya ci Afirka da layi biyu, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata yadda take.

Ina ribar ke zuwa? A 2010 ƙungiyar ActionAid ta binciki Accra Brewery, mallakar SABMiller a lokacin, ta ce kamfanin ya yi shekara biyu a jere bai biya harajin riba ba. A cewarta, kuɗin na fita ne a matsayin ladar amfani da suna zuwa Holan, da kuɗin shawarar gudanarwa zuwa Suwizalan, da sayen kaya ta hannun wani reshe a tsibirin Morishos. SABMiller ya musanta aikata ba daidai ba. Abin damuwar shi ne yawancin irin waɗannan hanyoyi doka ba ta hana su ba, kuma gwamnatocin Afirka ba su cika yin nasara ba idan suka ja. A Janairun 2023 hukumar haraji ta Gana ta nemi MTN ya biya sidi biliyan 8.2, kamfanin ya ƙi amincewa, cikin makonni aka janye takardar. Talaka kuwa an cire masa kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya tun Mayun 2022, aka rage zuwa kashi 1, sai a 2025 aka soke harajin.

Akwai kuma nauyin da ba ya shiga lissafin kowa. Ledar da aka yaga da safe, da yamma tana cikin babban kwalbatin Nima, daga nan ta bi ruwa zuwa kogin Odaw. Toshewar magudanai na cikin abin da ya tsananta ambaliyar 3 ga Yunin 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a unguwar Circle ta Akra ta kashe mutum sama da 150. Kamfanin da ya zaɓi leda don ya isa ga talaka ya kamata ya biya wani abu na kwashe ta.

Doka ma ta fi takura wa ƙarami. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa cinikin kasuwa, ta ce baƙon da ke son buɗe harkar saye da sayarwa ya kawo dala miliyan 1 kuma ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Ga Nestlé wannan ba komai ba ne. Shagunan 'yan Nijeriya masu sayar da waya a Circle ne aka garƙame a 2019 da 2020.

A Akra sakatariyar yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka take, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Kamfanin da ke da masana'anta a Tema da lauyoyi a ofis zai iya cike takardun shaidar asalin kaya ya ci moriyarta. Fataken albasa da ke tasowa daga Galmi ta Nijar kuwa, waɗanda kakanninsu suka san hanyar Gwanja tun kafin a zana iyakoki, an tashe su daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a bayan gari a 2021. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 motocinsu suka maƙale a kan iyaka, albasa ta ruɓe a buhu, farashinta ya tashi a Akra. A Janairun 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali suka kammala ficewa daga ECOWAS, kuma ta cikin Burkina ɗin hanyar albasar ke ratsawa.