Ƙafa Mai Batir Ko Ƙafar Roba: Wacce Ta Dace Da Manomin Katagum?

Duk wanda ya saba shiga asibitin tarayya na Azare ba zai rasa ganin mutum yana dogara sanda ba, an yanke masa ƙafa a ƙasan gwiwa. Wani haɗarin babur ne ya jawo masa, wani ciwon suga, wani kuwa karaya ce ƙarama, mai ɗori ya matse karare har jini ya daina gudu, ƙafar ta ruɓe. To, bayan dungu ya warke, sai batun abin da zai taka.

Ƙafar roba da aka fi sani ba ta da idon sawu mai motsi. An ƙirƙiro ta a Amurka cikin shekarun 1950: itace ne a ciki, da roba mai laushi a diddige. Daga baya aka sami mai lanƙwasa kamar baka, wadda ke mayar da ƙarfin da aka danna mata. Amma dukansu ba sa yin aikin sharaɓa da agara, watau tunkuɗa mutum gaba yayin da zai ɗaga sawu. Shi ya sa mai ƙafar roba yakan riga abokin tafiyarsa gajiya.

Wannan gibi ne Farfesa Hugh Herr na jami'ar MIT ya ɗaura niyyar cikewa. Shi kansa ya rasa ƙafafunsa biyu a 1982, bayan da ƙanƙara ta ritsa da shi a kan dutse. Ya ƙera idon sawu mai inji da batir, wanda kamfanin Ottobock na Jamus ke sayarwa da sunan Empower. A gwajin da ya buga a 2012 kan mutum bakwai, wahalar tafiya ta ragu da kashi 8 cikin ɗari, sauri kuma ya ƙaru da kashi 23. Sai dai wani bincike na Jami'ar Michigan a 2018, kan mutum goma, bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba idan an haɗa su jimla. Masu kuzari ne kawai suka fi morewa.

Yanzu a kawo ta fadamar kogin Jama'are. Nauyinta ya haura kilo biyu, kullum sai an yi mata caji, kuɗinta kuwa dubban daloli ne masu yawa. Ina wutar? In rairayi da ƙurar hunturu suka shiga injin, wa zai buɗe shi a Azare, balle a garin Katagum? Ko ƙafar roba ma, mutane da dama sai sun je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, kafin a auna su.

A ganina, darasin da ya fi kusa da mu yana Indiya. A birnin Jaipur, cikin 1968, Dakta P. K. Sethi da wani maƙeri, Ram Chandra Sharma, suka fito da ƙafar roba mai araha wadda ake tsugunawa da ita, a shiga taɓo, a taka ba takalmi. Manomin da zai yi shema, ya yi alwala, ya yi zaman tahiya, lalle wannan ita ce bukatarsa. Masu wannan sana'a kuma sukan ce matsalar da ta fi sa a jingine ƙafa a bayan ƙofa ita ce kwarmin da dungu ke shiga: in ya matse ko ya yi yawa, sai gyambo, musamman ga mai ciwon suga, kuma dungu yakan rame cikin watannin farko, dole a koma a sake awo.