Ciwon Haukan Kare a Masarautar Muzuran Daji

Gehuru yana cikin Ƙaramar Hukumar Jega ta Jihar Kebbi, a yankin nan na noma da kiwo da ya haɗa Jega da Aliero da Maiyama. A ƙauyukan wannan yanki akwai dabbobi biyu da ke zaune tare da mutum ba don nama ko nono ba. Na farko shi ne kare, mai gadin gida da rakiyar mafarauta da makiyaya. Ta biyu ita ce kyanwa, ko mussa a bakin mutanen yankin, mai tsare rumbu daga ɓarnar ɓera. A bayan gari kuwa akwai na uku, wanda ba a cika ganinsa ba sai dai a tarar da aikinsa da safe a akurkin kaji. Wannan shi ne muzurun daji, wanda binciken masana ya nuna cewa daga zuriyarsa kyanwar gida ta fito, kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Masana kimiyya suna da wata dabara ta ƙaddara abin da babu domin a fahimci abin da ke akwai. To, a ƙaddara cewa muzuran dajin Gehuru suna da hankali da magana, suna da sarki da fadawa, sai ga ciwon haukan kare ya ɓulla a cikinsu. Me za su iya yi? Masarautar dai ƙage ce, amma duk abin da za a faɗa game da cutar gaskiya ne.

Yadda Cutar Take Aiki

Abin da ke haddasa ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairos, mai siffar harsashi, wadda ƙanƙantarta ta sa madubin ɗakin gwaji na makaranta ba zai iya nuna ta ba. Tana kama duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta nono, har da mutum. Mazauninta yawun dabbar da ta kamu, ƙofar shigarta kuwa cizo, ko yaƙushi, ko lasar miki.

Idan ta shiga jiki ba ta bin jini. Sai ta kama jijiyoyin da ke kai saƙo daga gaɓoɓi zuwa laka, ta yi ta hawa sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. A jikin mutum wannan tafiya takan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya zama mako 1 kacal, ko ta kai shekara. Cizon fuska ko wuya ya fi na ƙafa haɗari, domin hanyar ta fi gajarta. Duk tsawon wannan lokaci wanda aka ciza lafiyarsa ƙalau, mikin ma ya riga ya warke.

Da ta isa ƙwaƙwalwa sai ta hayayyafa, ta gangaro zuwa inda ake samar da yawu. A lokaci guda kuma ta sauya halin dabbar, ta cire mata tsoro, ta sa mata faɗa, ta shanye mata maƙogwaro yadda ba ta iya haɗiye yawu sai dalala. Wato ƙwayar ta cika bakin dabbar da kanta, sannan ta tura ta neman wanda za ta ciza. Daga bayyanar alamu zuwa mutuwa ba a cika wuce kwana 10 ba.

Zaman Fada

Da labari ya iso cewa wani muzuru ya haukace a bakin fadama, ya ciji uku sannan ya mutu, sai Sarki ya tara 'yan majalisarsa.

Sarkin Magani ne ya fara magana, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a ba ni kwana uku in shiga daji in nemo saiwa da sassaƙe.” Wannan shawara ba za ta yi amfani ba. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar idan alamunta sun bayyana, ko a manyan asibitocin duniya, kuma kusan duk wanda ya kai wannan mataki mutuwa yake yi. Ƙari a kan haka, kyanwa da harshe take jinya. Wadda ta lashi mikin 'yar'uwarta yayin da yawun mahaukacin bai bushe ba, ta jefa kanta cikin haɗari.

Madawaki ya ce, “Ranka ya daɗe, duk wanda ya haukace a tura mayaƙa su kashe shi.” Amma makamin muzuru haƙori ne da farce. Mayaƙa biyar da aka tura wa mahaukaci ɗaya za su iya dawowa su biyar ɗin da cutar a jikinsu. Irin wannan yaƙi shi ne ainihin abin da ƙwayar take bukata.

Galadima ya ce, “Allah ya ja zamaninka, a kori duk wanda aka ga alama a tare da shi.” Wannan ta fi na baya, amma tana da ɓaraka biyu. Ta farko, ƙwayar kan sauko cikin yawun kyanwa ko kare kwanaki kaɗan kafin a ga wata alama. Ta biyu, cutar ba ta da fuska ɗaya. Akwai hauka mai faɗa, wanda aka fi gani a kyanwoyi, akwai kuma hauka na shiru, inda dabba ke laɓewa, muƙamuƙinta ya saki, ƙafafunta su shanye. Wanda ya ɗauki irin wannan a matsayin kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, ya kai mata hannu, shi ma ya shiga. Don haka ba mai alama kaɗai za a ware ba, har da duk wanda aka ciza, kuma na tsawon watanni.

Daga ƙarshe Magajiya, wadda ta fi kowa shekaru, ta ce, “Allah ya ba ka nasara, a watse wannan taro. Kowa ya koma yankinsa ya yi farauta shi kaɗai, kada a sake haɗuwa.” A cikin shawarwarin huɗu, tata ce kimiyya ta fi goyon baya.

Lissafin Cizo

Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi. Annoba tana ɗorewa ne idan kowane mai ciwo ya harbi fiye da guda ɗaya kafin ya mutu. Idan abin ya gaza ɗaya, sai ta yi ta raguwa har ta mutu da kanta. Wani bincike da aka yi a kan karnukan karkara a arewacin Tanzaniya, aka buga a 2009, ya gano cewa a matsakaici kowane mahaukacin kare yana harbar kimanin 1.2 ne kawai. Wato karnuka 10 za su bar 12, su kuma su bar 14, daga nan 17. Cutar da ake tsoro haka ashe da ƙyar take tsayawa da ƙafafunta, domin tana saurin kashe wanda ke ɗauke da ita.

Abin sha'awa shi ne, shawarar Magajiya ita ce rayuwar muzurun daji na gaskiya. Ba shi da sarki, ba shi da garke. Kowanne yana da yankinsa da yake shata wa iyaka da fitsari, kuma ba ya neman ɗan'uwansa sai lokacin barbara ko rikicin iyaka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a san wani reshe na ƙwayar da ke zagayawa tsakanin kyanwoyi su kaɗai ba. Kyanwa takan kamu, takan kuma harbi mutum, amma sarƙar ba ta yin nisa a cikin danginta.

Akasin haka ya faru a tsaunukan Bale na ƙasar Habasha, inda wani jan kyarkeci mai kama da dila yake zaune garke-garke, ana gaisawa da lasar baki, ana renon 'ya'ya tare. Tsakanin Oktoba 1991 da Fabrairu 1992 ciwon haukan kare ya shiga garkuna 5 masu maƙwabtaka da juna. Daga cikin manya 53 da masana suka sani ɗaya bayan ɗaya, 41 sun mutu ko sun ɓace. Cutar ta sake dawowa a 2003 da 2008. Wannan dabba duka-duka kimanin 500 ce ta rage a duniya, kuma karnukan makiyayan da ke kewaye da ita ne ke kai mata ciwon. Zumuncin da ke taimakonta wajen tsaron yanki shi ne ya zama gadar annoba.

Daga Ina Ciwon Yake Zuwa?

To amma ko muzuran Gehuru sun watse, ba su tsira ba, domin tushen ciwon ba a cikinsu yake ba. Ba kasafai ɓeraye ke ɗauke da shi ba, tsuntsaye kuwa ba sa yaɗa shi. Akwai dai wasu ƙwayoyi 'yan'uwansa da aka fara ganowa a Nijeriya: ɗaya a jikin jemage a Legas a 1956, ɗaya kuma a jikin jaɓa a Ibadan a 1968, wadda aka sa wa sunan unguwar Mokola, aka kuma same ta daga baya a jikin kyanwoyi a Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Amma waɗannan ba su da yawa. A Nijeriya, rumbun cutar shi ne karen gida.

Hanyoyin haɗuwa kuwa a buɗe suke. Da rani mafarauta kan shiga daji da karnukansu. Yunwa kan jawo muzuru zuwa akurki, inda karen gida ke kwance. Muzurun daji kan yi barbara da kyanwar gida, wadda ke kwana ɗaki ɗaya da yara. Mahaukacin kare kuma kan bar gida ya yi ta yawo daga ƙauye zuwa ƙauye yana cizon abin da ya tarar. A tatsuniya ɓeraye ne suka rasa mai rataya wa kyanwa ƙararrawa. A nan kuwa muzurai ne za su rasa mai rataya wa kare. Iyakar abin da masarautarsu za ta iya shi ne rage asara. Toshe mafarin ciwon yana hannun mai kare.

Abin da Mutum Ya Fi Muzuru da Shi

Ranar 6 ga Yuli 1885 aka kai wa Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo da yawa. Aka yi masa jerin allurai na ƙwayar da aka raunana, yaron ya rayu. Sirrin abin shi ne jinkirin ƙwayar a kan hanya: allura tana koya wa jiki yaƙi kafin abokin gaba ya isa ƙwaƙwalwa.

Har namun daji an yi wa rigakafi. A 1978 ƙasar Suwizalan ta fara cusa maganin cikin kawunan kaji tana watsawa a daji domin yanyawar Turai ta ci, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 20 ta rabu da cutar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Meziko ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar cizon kare, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka.

Ma'aunin da hukumar ta bayar shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. A koma ga lissafin baya: karnuka 10 sun ciji 12, amma kimanin 4 ne kawai ba su da kariya. Waɗannan 4 za su bar 1, daga nan sarƙa ta tsinke. Ana maimaita allurar kowace shekara ne saboda ana haihuwar sababbin 'yan kwikwiyo, tsofaffin da aka yi wa kuma suna mutuwa. Kashe karnuka barkatai bai taɓa magance matsalar ba, domin wasu marasa allura ne ke maye gurbinsu.

Duk da haka, an ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunsa, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ne mai wasa da kare da kyanwa, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska, shi ne kuma mai ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa.

Idan Aka Yi Cizo

Da farko a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Ƙwayar tana da rigar maiƙo, sabulu kuwa yana narkar da ita. Kada a ɗaure mikin, kada a zuba masa toka ko barkono ko garin magani.

Na biyu, a tafi asibiti a ranar, ko da yaƙushi ne ƙarami, a kuma cika dukkan alluran a ranakun da likita ya tsara. Warkewar miki ba ita ce shaidar tsira ba.

Na uku, idan karen ko kyanwar na gida ne, a killace shi kwana 10 a sanar da likitan dabbobi. Amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara allura.

Na huɗu, duk naman dajin da ya daina gudun mutane, kamar muzurun da ya shigo gari da rana tsaka, ko dilan da ya tsaya yana kallo, abin gudu ne. Kada a taɓa shi, kada a feɗe mushensa.

Kammalawa

Ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, ita aka keɓe domin faɗakarwa kan wannan ciwo, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina rasa rai ta dalilin cizon kare. Makarantun sakandare na Jega da Aliero da Maiyama suna da rawar takawa. Malamin kimiyya zai iya tura ɗalibansa su ƙirga karnuka da kyanwoyin unguwarsu, su tambayi nawa aka yi wa allura a bana, su fitar da kason, su gwada shi da 70, sannan a miƙa sakamakon ga mai unguwa da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wannan ciwo ma babu maganin, rigakafin ne kawai, kuma allurar da aka yi wa karen gida ita ce ke tsare yaron gidan, da mussar rumbu, da muzurun da ke can bakin fadama.